Waƙar da Ba a Ƙarasawa

Tun da aka kafa Arewa, ƙasar Dogondutsi, ba a taɓa yin mawaƙin da waƙa ke fito masa daga jini kai tsaye ba sai Zaidu Kiriya. Ba ya aro, ba ya gado, ba ya kwaikwayon kowa. Wannan magana ba ta da ja, domin shi da bakinsa ya faɗe ta a rediyo, kuma wani masanin kiɗa daga Yamai, Dakta Hakim, ya maimaita ta da Faransanci.

Hindatu ta ji ta ne ranar kasuwar Tibiri, tana tsaye gaban mai tattasai, jaka a hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma riƙe da Inna Shatu, ƙanwar mahaifiyarta.

"Madam, angonki na magana," in ji mai tattasai, yana nuna lasifikar mai cajin waya da haɓa. "Yau ba ragi. Matar babban mutum ba ta neman ragi!"

Ta yi masa murmushin da take yi wa iyayen ɗalibanta.

Angonta ne, in dai ana kiran mutum ango tun ba a sa rana ba. Yaran da aka haifa a shekarar da Zaidu ya daina waƙa suna ajinta yanzu, suna koyon haɗa baƙi. Duk tsawon wannan shiru maganarsa ɗaya ce: "Bari albom ya fita, Hindu na, sai biki." Tun a farkon alkawarin ta sayi ƴar akuya baƙa don walima. Akuyar ta girma ta haihu, ƴaƴanta suka haihu, har garke ya cika bayan gida.

Jiya albom ya fita.

Ba ta saurara ba tukuna. Ya ce mata waƙar ƙarshe tata ce, kada ta ji ta sai yana gabanta yana kallon fuskarta. Mai cajin waya dai ba a yi wannan alkawari da shi ba.

Goge ya fara, a hankali, bisa kiɗan zamani.

Tun bai yi nisa ba ta gane shi. Shi ne sautin da Iya Husaina, mahaifiyarta marigayiya, take yi a maƙogwaro, baki rufe, in tana yi mata kitso. Ba shi da kalmomi. Kullum in ya kai wani gurbi sai Iya ta yanke shi, ta ce, "Juyo da kanki." Hindatu ta taɓa yi wa Zaidu shi wata rana da yamma a gindin dutsen Dogondutsi, don ya tambaye ta abin da ta fi tunawa da uwarta. Ta yanke shi inda Iya ke yankewa. Iyakar abin da ta sani ke nan.

Yatsun Inna Shatu suka nutse cikin hannunta.

"Wa ya ba shi wagga?"

"Inna, mu tafi gida..."

"Ba shi ƙarasawa," in ji tsohuwar, kamar mai lallashin kanta. "Babu mai ƙarasa ta. Yanzu za shi yanke..."

Sautin ya iso gurbin Iya.

Zaidu bai yanke ba.

Gogen ya hau, ya karkata, ya sauko wata hanya da Hindatu ba ta taɓa ji ba, kuma bisa wannan saukowa muryarsa ta fito, mai daɗi kamar kullum: "Hindatu... Hindatu, taho..."

Inna Shatu ta yi wata ƙara da ba ta yi kama da muryarta ba, ta faɗi bisa tiren tattasai, jikinta na kaɗawa.

Samari suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Tsofaffin mata kuwa suka ja mayafi suka rufe kai, suka soma tattara kayansu. Wata mai daddawa ta dubi Hindatu daga sama har ƙasa.

"An kira ta," ta ce. "Kuma da sunanki anka kira ta, ɗiyata."

Hindatu ta durƙusa tana tsince tattasai daga zanen Inna, ɗaya bayan ɗaya. Ta jira tsoro ya zo, ko kuka. Ba abin da ya zo.

Abin da duk tsohuwar Arewa ta sani, kuma babu dakta ko ɗaya da ya sani, shi ne kowane iska yana da takensa, kamar yadda kowane mai waya yake da lambarsa. Wannan sauti taken doguwa ne, iskar gidansu Iya, can Matankari. Iya ta tuba ta bar bori tun Hindatu na goye, amma sautin bai bar bakinta ba, shi ya sa take yanke shi. Rabin farko gaisuwa ce kawai. Ƙarshen shi ne kiran, kuma ba a yin sa sai an ɗaure baƙar akuya tukuna.

Kafin mako ya zagayo albom ya cinye ƙasar.

Masu kabu-kabu na Dogondutsi suka sa waƙar a wayoyinsu, kowane kira ya shigo sai ka ji "Hindatu, taho" daga aljihun wando. Ƴan mata suka ce wanda bai iya kiran sunanka haka ba bai cancanci a ba shi lamba ba. Wasu tsofaffin masoyansa suka yi ƙorafin cewa sauran waƙoƙin duk shirme ne, an jira shekaru don a ji mutum yana yabon masu sayar da siminti. Dakta Hakim ya amince da su a kan simintin, amma ya rubuta cewa juyin ƙarshe na waƙar Hindatu shi ne abu mafi jarunta da kunnen Nijar ya ji a wannan zamani, kuma hujja ce cewa mawaƙin ya kuɓuta daga ƙauye gaba ɗaya. Masu wa'azi suka ce kiɗa haramun ne dama, wannan kuwa haramun ne sau biyu.

Tsofaffi kuwa, in waƙar ta taso sai su tashi.

A lekol, makarantar da take koyarwa, Hindatu ta juya tana rubutu a allo, sai wani ya rera "taho" daga bayan aji, aka fashe da dariya. Ta ci gaba da rubutu. Da aka tashi, wata uwa ta zo wurin direkta, shugaban makarantar, ta roƙi a mayar da ɗiyarta wani aji. Ta ce ba don komai ba, yarinyar ce ba ta son zama kusa da taga.

A gida Inna Shatu ta juya fuska ga bango. Likita ya ce hawan jini ne, ya ba da ƙwayoyi, ita kuma ta adana su da kyau ƙarƙashin matashi. Ruwa kawai take sha.

Abdulwahid, wan Hindatu, ya dawo daga shagonsa na wayoyi ya tsaya tsakar gida. Shi ne ya ƙona ƙwarya da baƙin zanen Iya bayan rasuwarta. Ya yarda da maganar Zaidu ne tun farko don lokacin ya yi shiru, kuma a ganinsa mawaƙin da ya yi shiru ya kama hanyar tuba.

"Ni ban yarda da wannan shirme ba," ya ce. "Shirka ce tsantsa!"

"To mi ya dame ka, Yaya?"

"Garin ya yarda."

Ya matso gabanta ya ci gaba.

"Shekara nawa ina wanke sunan gidan nan? Yau a masallaci wani ya matsa da na tsaya kusa da shi. Ni, Hindatu! Ki gaya wa mutumin nan ya hau rediyon da ya yi alfahari, ya ce ɗauka ya yi, kuskure ya yi, ke ba ruwanki. In bai yi ba, kayansa na nan a akwati, ni zan mayar da hannuna. Babu aure!"

Daga ɗaki muryar Inna ta fito, siririya.

"Wanda ya kira shi ka sallama."

Hindatu ta shiga ta zauna bakin tabarma.

"Yaya ake yi, Inna?"

"Baƙar akuya. A kai ma Idris mai goge, Matankari. Mai kiran ya tsaya ya ce, ni na kira, ban sani ba, ki koma. Shi ke nan. Doguwa ba ta da wuyar sha'ani, ta hi mutane sauƙi."

"In bai zo ba fa?"

"Sai wadda anka ambata ta ɗauka." Tsohuwar ta juyo a karon farko. "In kinka ce ke kinka kira, kin zama ta gidan ke nan, har ki mutu haka za a san ki. Uwarki ta yanke waƙag ga don kada ki kai nan."

Abdulwahid na bakin ƙofa yana ji. Tun da aka haife shi bai taɓa yarda da Inna Shatu a kan komai ba, har kan yawan gishirin miya. Yau kuwa su biyun abu ɗaya suke jira: Zaidu ya buɗe baki ya ce shi ne.

Ranar da babu lekol Hindatu ta shiga mota zuwa Dogondutsi.

A ƙofar gidan matasa, inda ake shirin konser, wato babban wasan waƙa, an rataye hoton Zaidu mai faɗin zannuwan gado uku, ya dafe ƙirji yana kallon sama. Wata mace ta tare ta, tabarau bisa goshi, waya a kowane hannu. Amira ce, mai kula da harkokinsa, wadda ta biyo shi daga Yamai. Ita ta watsa hoton faɗuwar Inna a waya, ta rubuta a ƙasa: waƙar da ke kayar da tsofaffi.

"A'a! Hindatun waƙa!" ta ce. "Ashe da gaske akwai ki? Na ɗauka suna ne kawai ya zaɓa don ya hau kiɗa."

"Ina Zaidu?"

"Artis na hutawa."

"Hindu na!"

Ya fito da gudu, hannuwa a buɗe, ya rame, idanunsa na haske kamar na mai zazzaɓi. Ta daɗe ba ta ga ya yi kyau haka ba.

"Hasken idona! Rabin raina! Kin ji ta? Faɗa mini kin ji ta!"

"Na ji."

"Ya kika ji?"

Ta duba cikin ranta ta ga wayam, kamar rumbu kafin kaka.

"Ta Iya ce, Zaidu."

"Iya ta ba ki rabi. Rabi, sheri, masoyiyata! Ƙarshen nawa ne. Kin san abin da na sha? Tun ranar da kika yi mini ita a gindin dutse ta shiga kaina ta ƙi fita. Na san akwai sauran hanya, na ji ta, na kasa kamawa. Na gwada ta sama, na gwada ta ƙasa. Ita ta hana ni waƙa, ita ta hana albom fita duk shekarun nan!"

Hindatu ta dube shi. Ashe abin da ta zauna jira ke nan. Tana kiwon akuya, tana ba dangi haƙuri, ƙawayenta na kai ƴaƴa lekol, shi kuwa yana can yana tonon abin da uwarta ta binne don ta.

"Ka same shi daidai," ta ce. "Ko kaɗan ba ka kuskure ba."

Fuskarsa ta washe. Ya juya ga Amira.

"Kin ji? Rubuta wannan!"

Hindatu ta zaunar da shi a benci ta gaya masa komai, da muryar da take karanta sunayen ɗalibai. Kasuwa, da bango, da uwar da ɗiyarta ba ta son taga. Akuya, da Matankari, da rediyo. Da akwatin da ke jiran hannun Abdulwahid.

Ya saurara. Ba mugu ba ne, har idonsa ya kawo ruwa da ta zo kan Inna.

"Allah sarki, tsohuwa... Amma Hindu, ki duba. In tsaya gaban mai goge riƙe da akuya? Wani ya ɗauki hoto fa? Alhazan da suka ɗauki nauyin konser ɗin nan a sahun gaba suke salla. Kuma in hau rediyo in ce ɗauka na yi? Bayan abin da Dakta ya rubuta?"

"Artis ba ya ba akuya haƙuri," in ji Amira, ba ta ɗago daga waya ba.

"Ba akuyar ake ba haƙuri ba."

"Ko ma wa ake ba, madam. Kin san mata nawa ke roƙon ya sa sunansu a waƙa? Ke kin samu kyauta, kin zo da ƙorafi."

Zaidu ya kama hannun Hindatu da hannu biyu.

"Don ke na yi ta. Wallahi don ke! Duk ƙasar nan na kiran sunanki, wace mace aka taɓa yi wa haka?"

"Kalma uku ce, Zaidu. Ni na kira."

"Bon... zan zo. Na rantse zan zo. Bari dai konser ya wuce, sheri, sai..."

"Sai biki."

"Wala! Kin gane ni. Kullum ke ce ke gane ni."

Konser ya wuce. An ce mutane har bisa katanga, an ce sau uku aka sa shi maimaita waƙar. Hindatu ta ji labari daga ɗalibanta. Inna Shatu ta daina tashi zaune.

Ranar da ya ce zai zo, Hindatu ta share tsakar gida ta shimfiɗa tabarma. Abdulwahid bai buɗe shago ba, ya zauna da carbi yana cewa shi ba jiran kowa yake ba. Da rana ta take, wani mai kabu-kabu ya yi sallama ya miƙo leda. Ya ce Artis ya wuce Yamai da safe, an kira shi karɓar lambar yabo, shi da Madam Amira, amma ya ce a gaida Inna da jiki.

Riga ce a ledar. Fara, da fuskar Zaidu a gaba, a baya an buga: Daga jinina.

Abdulwahid ya dubi rigar, ya dubi fuskar ƙanwarsa.

Ta zare zoben da ke yatsanta, da ɗan wuya don ya daɗe a wurin, ta ajiye masa bisa tabarma.

"Ka haɗa da akwatin, Yaya."

Washegari da safe ta zagaya bayan gida. Tsohuwar baƙar akuyar na kwance a turke tana tuƙa, jikokinta na tsalle a kanta. Ta saba da Hindatu, ba ta yi gardama ba da aka kwance ta.

Abdulwahid na tsaye a zaure. Ya dubi akuyar, ya dubi Inna da Hindatu ta tallafo.

"Ina za ku?"

"Ka sani."

"Ban sani ba," ya ce. "Kuma ban ga kowa ba."

Ya buɗe musu ƙofa duka biyun, don akuyar ta wuce ba tare da ta goge shi ba. Da suka yi nisa ta ji ya ƙure muryar wa'azi a wayarsa.

A tasha direba ya ce akuya za ta ɓata masa mota. Hindatu ta ciro farar rigar ta shimfiɗa a bayan kujera, fuskar na kallon sama. Akuyar ta hau ta kwanta. Suka ratsa Dogondutsi, hoton nan na ƙofar gidan matasa iska ta tsinke masa kusurwa ɗaya, yana ta kaɗawa.

Idris mai goge tsoho ne ƙanƙane, yana zaune ƙarƙashin gawo a bayan Matankari yana gyaran tsirkiya. Ya gane Inna Shatu tun daga nesa. Mata kaɗan suka fito daga gidaje suka tsaya.

"Mun ji ta," ya ce. "Har nan ta iso, cikin aljihun jikana. Ina mai kiran?"

"Ga ni, Baba."

"Muryar da munka ji ta namiji ce."

"Ni na ba shi."

Ya daɗe yana kallonta.

"Ɗiyar Husaina ce ke. Kin san abin da ka bin wagga magana?"

"Na sani."

"To hwaɗi, su ji."

Ta dubi matan. Cikinsu akwai wadda ta sani, ƙanwar wata malama a lekol ɗinsu. Kafin la'asar Tibiri za ta ji.

"Ni na kira," ta ce. "Ban sani ba. Ki koma."

Ta miƙa igiyar. Wani ya ja akuyar bayan danga, ya dawo mata da igiyar kawai.

Idris ya ɗora goge. Ya bi sautin Iya har gurbin da take yankewa, ya wuce, ya hau, ya karkata, ya sauko ta hanyar Zaidu daidai. Hindatu ta ɗauka an gama. Sai tsohon ya ci gaba. Akwai wani juyi bayan wancan, gajere, mara ado, yana sauka ƙasa ƙasa har ya ɓace, kamar mai raka baƙo bakin hanya.

"Wannan fa, Baba?"

"Sallama ke nan. Yaron naku ya iya kira." Ya goge gogen da hannun riga. "Da ya tambaya da an gwada mishi sauran."

Inna Shatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake, ta share fuska. Ta dubi mutane kamar ta tarar da su cikin ɗakinta ba sallama.

"Babu mai hura garin ga?" ta ce.

A motar komawa ta sha fura rabin kwano ta yi barci bisa kafaɗar Hindatu. Rediyo na watsa bikin Yamai. Aka kira Zaidu Kiriya, aka yi tafi mai tsawo. Ya gode wa Allah, ya gode wa Dakta Hakim, ya gode wa Amira da ta yarda da shi lokacin da kowa ya gaji. Ya ce abin alfaharinsa shi ne babu mahalukin da zai ce ya ba shi ko sauti ɗaya.

"Namiji!" in ji direba, yana dukan sitiyari. "Madam, a ƙara murya?"

"Bar shi yadda yake."

Da suka isa gida akwatin ba ya nan, babur ɗin Abdulwahid ma ba ya nan. Ta kwantar da Inna, ta zagaya baya. Ƙananan awakin suka taso suna kuka, suna leƙa bayanta.

Ta naɗe igiyar ta rataye a turke, ta ɗebo musu dusa.